Kafin ka shiga hanyar ƙanƙara da mota ta hannu

'Yan'uwa, wanda ya sayi mota ta hannu mai jan ƙafa huɗu zai nufi yankin arewacin duniya mai tsananin sanyi, ya fara duba batir. Sanyi na cinye ƙarfinsa, in ya tsufa a canza shi kawai. Ruwan lagireto a gauraya shi rabi da rabi da maganin daskarewa, zai jure kusan digiri 37 ƙasa da sifili. In dizal ce, a zuba na hunturu, don na yau da kullum yakan yi kauri a sanyi ya toshe filta.

Don Allah in kun maƙale a daji, ku share ƙanƙarar bakin salansa kafin ku bar inji a kunne. In bakin ya toshe, hayaƙin kan dawo cikin mota, akwai iska mai guba a cikinsa da ba a jin warinta, kuma tana kisa.