Yadda Ake Bin Tuhumar Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Tseren Keke Ba Tare da Son Kai Ba

A fara da raba hannuwa. Mai karɓar fitsari daban, mai gwadawa daban, mai tuhuma daban, mai yanke hukunci daban. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ita ke tallata wasan, kuma manyan mahaya su ke jawo mata 'yan kallo da kuɗi. A ce ita kaɗai za ta kama su ta hukunta, an ba kura ajiyar nama ke nan. Rahoton CIRC, kwamitin bincike mai zaman kansa da UCI ta kafa, na 2015 ya nuna yadda shugabannin hukumar na baya suka riƙa yi wa Lance Armstrong, shahararren mahayin Amurka, gata. A shekarar ne aka kafa kotu ta musamman, aka karɓe shari'ar manyan mahaya daga hannun hukumomin ƙasashensu, sannan daga 1 ga Janairun 2021 aikin gwaji ya koma hannun ITA, hukuma mai zaman kanta a Luzan ta ƙasar Suwizalan.

Wurin ɗaukar samfur ne lauyoyi ke fara haƙa, don haka a nan ake takatsantsan. Da zarar an sanar da mahayi, mai rakiya ba zai ɗauke ido daga kansa ba har ya shiga ɗakin gwaji. Jami'i mai jinsi ɗaya da shi zai ga fitar fitsarin da idonsa. Ana buƙatar aƙalla mililita 90: 60 a kwalbar A, 30 a kwalbar B. Mahayin shi zai zaɓi kwalaben, shi zai zuba, shi zai rufe, ya kuma duba cewa lambar jikin kwalba ita ce a takarda. Idan fitsarin ya tsinke saboda yawan shan ruwa, sai ya zauna ya sake bayarwa. A takardar ne zai rubuta duk magani da ƙarin abinci da ya sha cikin kwana 7, da duk wani ƙorafi kan yadda aka yi aikin. Wanda ya sa hannu bai rubuta ƙorafi ba, ya ɗaure kansa, domin bayan wata shida ba mai saurin yarda da shi. Jinin da ake ɗauka don fasfon jini, wato tarihin alƙaluman jinin mahayi da ake bibiya don gano sauyin da bai dace ba, kuwa ba a ɗibarsa sai bayan awa 2 da gama tsere ko atisaye, kuma sai mutum ya zauna minti 10, saboda gajiya da rashin ruwa a jiki suna karkata alƙaluma.

Ɗakin gwaji dole ya zama wanda WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, ta amince da shi, kuma lamba kawai yake gani, ba suna ba. Duk hannun da kwalbar ta bi a hanya sai an rubuta shi da lokacinsa.

Kwalbar A ta nuna abu, ba a garzayawa tuhuma. Masu bin ƙarar za su fara duba ko mahayin yana da izinin shan maganin don rashin lafiya, ko an saɓa ƙa'ida wajen ɗauka ko gwadawa, ko kuma maganin ya shiga jiki ta hanyar da aka halatta. Sai a rubuta masa: abin da aka samu, haƙƙinsa na neman a buɗe kwalbar B a gabansa ko gaban wakilinsa, da haƙƙin karɓar cikakkun takardun ɗakin gwaji. Idan B ba ta tabbatar da A ba, tuhumar da aka gina kan samfurin ta faɗi.

Dakatarwar wucin gadi ce ke yawan jawo zargin son kai, alhali tana da ƙa'ida. Irin su EPO, mai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, da sinadaran gina tsoka, dakatarwa wajibi ce nan take. Magungunan da ake iya sha bisa kuskure ko don jinya, ba wajibi ba ce. Shi ya sa Chris Froome, mahayin Birtaniya, ya ci gaba da tsere bayan an samu salbutamol, maganin asma, a fitsarinsa a gasar Vuelta ta Sifen ta 2017 kimanin nanogram 2,000 a mililita, ninki biyu na iyakar 1,000. Maganar ta sirri ce a matakin, amma jaridu suka fasa ta a Disamba, ya ci gasar Giro ta Italiya ta 2018 tuhuma na rataye a wuyansa, aka rufe ƙarar a Yuli ba tare da an wallafa cikakkun hujjoji ba. Aibu biyu ne a nan: sirrin da ya fita tun ba a gama bincike ba, da bayanin da bai fito ba bayan an gama. Na biyun ya fi ɓarna a ganinmu, domin ƙaramin mahayi da ba shi da kuɗin ɗaukar masana ba zai san da wace hujja babba ya kuɓuta ba.

A zaman shari'a, kowa da nauyinsa. Samun sinadarin a jiki kaɗai laifi ne, ko da niyya ko babu. Mai tuhuma zai kawo hujjar da za ta gamsar da alƙali sosai, ta fi rinjayen zato amma ba ta kai ta shari'ar manyan laifuka ba. Mahayi kuwa rinjayen zato ya ishe shi, sai dai dole ya nuna ta ina abin ya shiga jikinsa: ragowar gwangwanin ƙarin abincin, lambar rukunin da aka sarrafa shi, rasiti, takardar likita. Rantsuwa ba ta wadatarwa. Kuskuren jami'i ma ba ya soke sakamako sai an nuna cewa zai iya zama shi ya haifar da shi. Hukuncin ganganci shekara 4 ne, in ba ganganci shekara 2, ana iya ragewa gwargwadon sakaci, har a yafe dakatarwa idan babu sakaci ko kaɗan. Alƙalin kada ya kasance ma'aikacin hukumar ko wanda ya taɓa sa hannu a binciken, kuma a ba mahayi dama ya ƙi shi in yana da dalili.

Ɗaukaka ƙara tana zuwa CAS, kotun wasanni ta duniya da ke Luzan, wadda ke sake jin shari'ar daga tushe. A zaman alƙalai 3, kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya, kotu ta naɗa shugaba. WADA ma tana da ikon ɗaukakawa idan ta ga an yi sassauci. Haka aka yi da mahayi Alberto Contador: an samu haramtaccen sinadarin clenbuterol pikogram 50 a mililita a fitsarinsa a Tour de France ta 2010, ya ce daga nama ne, hukumar ƙasarsa Sifen ta wanke shi a Fabrairun 2011, UCI da WADA suka ɗaukaka, CAS ta dakatar da shi shekara 2 a Fabrairun 2012. Kafin nan ya riga ya ci Giro ta 2011, aka ƙwace ta tare da Tour ɗin da ya ci a 2010. Wata 18 ana jan ƙara, waɗanda suka zo na biyu suka karɓi nasara a takarda.

Shari'ar fasfon jini, wanda tseren keke ya fara amfani da shi a 2008, ba ta da kwalbar B. A madadinta masana 3 ne za su duba alƙaluman ba tare da sanin sunan mai su ba, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya, kafin jin bayanin mahayi da bayansa. Samfur kuma ana iya adana shi har shekara 10 a sake gwadawa. A irin wannan, ana iya raba kwalbar B biyu, bayan an gayyaci mahayin ya halarta.