Ruwan waifa: shawara ga 'yan Jos sababbin zuwa ƙasashen ƙanƙara

Mu 'yan Jos muna taƙama da sanyi, amma sanyinmu ba ya daskarar da ruwa a cikin mota. Shi ya sa a gida ba wanda ya damu da robar ruwan waifa. A ɗura ruwan famfo, wani ya barbaɗa Omo, shi ke nan. Wasu motocin ma robar ta shekara a bushe, sai tsumma.

To ɗan'uwa, in ka sauka Kanada, Ingila ko arewacin Amurka ka sayi mota, ka bar wannan ɗabi'a a Farin Gada.

Ruwa zalla yana daskarewa da zarar sanyi ya kai sifili a ma'aunin Celsius, kuma in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, kusan kashi 9 cikin 100. Wannan kumburin kan tsaga robar, ya fasa siraran tiyo, ko ya kashe ɗan injin da ke tura ruwan. Amma asarar kuɗin gyara ba ita ce babbar matsala ba. A can gishiri ake watsa wa titi lokacin hunturu. Babbar mota ta wuce ka, ta fesa maka taɓo mai gishiri, nan take ya bushe ya yi fari fat a gilashin gaba. Ka ja waifa babu ruwa, sai ta ƙara shafe shi, kana gudu ba ka ganin gabanka.

Saboda haka ka sayi ruwan waifa na hunturu a gidan mai ko babban kanti, ka karanta lambar da ke jikin galan ɗin, wadda ke nuna iyakar sanyin da zai jure bai daskare ba. A Kanada nemi mai -40. A Ingila akwai wanda aka riga aka haɗa, akwai mai ƙarfi da ake sirkawa. In sanyi ya tsananta, rage ruwan sirkin. Can kuma, motar da ta kai shekara 3 tana zuwa gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, kuma in ruwan waifa ba ya fita, faɗuwa za ta yi. Ruwan waifa na rani da ya rage a robar, fesar da shi kafin sanyi ya shigo.

Wajen ɗurawa, buɗe bonet ka nemi murfi mai zanen gilashi da feshin ruwa, galibi shuɗi ne. Kada ka rikita shi da na lagireto. In bakin feshin ya toshe, allura ta isa. Ruwan zafi kuwa kada ka kuskura ka kwara wa gilashin da ya daskare, yana iya tsagewa.

Ajiye galan ɗaya a but, amma ka ɗaure murfinsa tam. A Kanada da Amurka yawancinsa akwai sinadarin metanol, guba ne mai makantarwa har ma da kisa, ga shi launinsa kamar lemon kwalba. Masu ƙananan yara, kada ku juye shi a gorar ruwan sha, kada kuma ku shigo da shi kicin.