FLAC ko MP3, wanne ya kamata ka ajiye?

To bari mu fara daga tushe, fayilolin sauti masu rage girma kashi biyu ne. Akwai masu ninke sautin kamar yadda ake ninke kaya a akwati, in ka buɗe ka tarar da komai yadda yake, irin su FLAC da ALAC na Apple, su ne za ka ga an rubuta musu lossless a manhaja. Sai kuma masu sa almakashi, MP3 da AAC da Opus, su yanke duk abin da suke ganin kunne ba zai kama ba, misali ɗan siririn sautin da ƙarar ganga ta danne, kuma abin da suka yanke ya tafi kenan. WAV kuwa ko ninkewar ba ya yi, yadda sautin ya zo haka yake zuba shi.

Dubi girman. Waƙar minti 4 mai ingancin CD tana cin kusan 40MB a WAV, a FLAC ta koma wajen rabi ko sama kaɗan, a MP3 na 320kbps (kbps ma'aunin yawan bayanan sautin ne a kowane daƙiƙa) kusan 10MB, na 128kbps kuwa ko 4MB ba ta cika ba.

Yanzu me za ka yi da sautin? In ɗauka kake yi ko editin, wallahi kar ka kusanci MP3 sai ka gama aiki, ka ɗauka a WAV ka adana a FLAC, saboda duk sanda ka buɗe MP3 ka gyara ka sake sebin a MP3 sai an ƙara yanke wani abu, kamar kana fotokwafin fotokwafi ne. Ni na taɓa yi wa wata hira haka, gyara ɗaya biyu uku huɗu ban lura ba, da na sa a kunne sai na ji duk inda aka ce "s" yana wani tsiri-tsiri, tafin mutane kuma kamar a ƙarƙashin ruwa ake yinsa, ga shi na riga na goge na asalin.

In kuwa saurare ne kawai a waya, AAC na 256 ko MP3 na 320 sun ishe ka. Murya zalla ma ba ta buƙatar ko haka, ai da Opus WhatsApp ke tura saƙon murya. MP3 kuma tun 1993 yake, ko tsohuwar rediyon mota ta san shi. Sannan in da Bluetooth kake ji, yawanci sai an sake matse sautin da SBC (tsarin matse sauti na Bluetooth) ko AAC kafin ya iso kunnenka, to ka ga FLAC ɗin nan cika maka memori kawai yake yi. Baka yarda ba? Sa wani ya kunna maka biyun ba tare da ka ga wanne ne wanne ba, ka gwada cankowa sau goma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya maida MP3 zuwa FLAC wai don ya ƙara inganci. Fayil ya kumbura, sauti na nan yadda yake. Daga FLAC ɗinka na asali za ka riƙa fitar da kwafin MP3 ko AAC na sawa a waya, shi kuma ka bar shi a kwamfuta, ka ƙara ajiye wani a hard disk na daban.