Darasi na 9: Dashen Furen Lili a Lambun Gida

Lili fure ne mai dogon kara da siraran ganye. Furensa babba ne, mai ɓare shida. Akwai fari, akwai rawaya, da ja, da ruwan goro, da ruwan hoda. Na daji sun kai kusan iri 100, kuma asalinsu ƙasashe masu sanyi ne na Asiya da Turai da Arewacin Amurka. A waɗannan ƙasashe, bazara ita ce lokacin da hunturu ya janye, ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, wato daga Maris zuwa Mayu. A lokacin ake dasa lili, ya yi fure cikin wata uku ko huɗu. Ana dasa shi da kaka ma.

Da albasarsa, wato curin gindinsa da ke cikin ƙasa, ake dasa shi a gida. Ku ɗauki guda ɗaya a tafin hannu ku duba. Ba ta da busasshen ɓawo irin na albasar da muka sani. Sala-sala ce, masu kauri da ruwa, sun hau kan juna, ga saiwoyi a gindi. Tsirara take, shi ya sa iska ke saurin busar da ita, ruwa kuma ke saurin ruɓar da ita. In za ku zaɓa, ku matsa ta a hankali. Mai tauri da nauyi ita ce mai rai. Wadda ta yanƙwane, ko ta yi laushi, ko ta yi fumfuna, ku bar ta. Ranar da ta zo hannunku, ranar ya kamata ta shiga ƙasa. In hali bai yi ba, ku rufe ta da ƙasa mai ɗan laima, a wuri mai sanyi.

Mai koyo ya fara da irin da ake kira na Asiya. Ba shi da ƙamshi sosai, amma yana da juriya, kuma shi ke riga sauran yin fure. Mai son ƙamshi ya nemi farin nan mai kama da bakin kakaki, wanda masana ke kira Lilium regale. Wani Bature ɗan Ingila, Ernest Wilson, ya same shi a kwarin kogin Min da ke lardin Sichuan na ƙasar Sin a 1903.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe da kyau: ruwan da ke kwanciya shi ne ajalin lili. Ni ma ta nan na fara faɗuwa. Na dasa guda biyar a wani lungu mai laka, ina ba su ruwa safe da yamma. Sati shida babu ko tsiro. Da na tona, sai hannuna ya nutse cikin wani abu mai yauƙi, launin ƙasa-ƙasa, yana wari. Har yau ina jin zafin asarar nan.

Don haka ku gwada wurin tukuna. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30, ku cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan yana nan, wurin bai dace ba. Sai ku tada kunya mai tudu, ku gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen ganye. Kada ku sa ɗanyen taki, yana ƙona albasar. Wurin kuma ya riƙa samun rana aƙalla awa 6.

Zurfin rami ya ninka tsayin albasar sau uku. In tsayinta santimita 5 ne, ramin ya zama santimita 15. Wani zai ce ai wannan binnewa ce. To, akwai dalili. Yawancin lili saiwa biyu gare shi: ɗaya a gindin albasa, ɗaya kuma tana fitowa a jikin karan da ke cikin ƙasa. Ta biyun nan ce ke ciyar da furen bana, tana kuma riƙe karan kada iska ta kada shi. In ramin ya yi sama-sama, ba ta da inda za ta fito. Akwai irin da ya fita daban, kamar farin da ake kira Madonna, wanda ƙasar santimita 3 kawai ake rufa masa.

Ku zuba yashi cikin tafi ɗaya a ƙasan ramin. Ku zaunar da albasar, tsini sama, saiwa ƙasa. Ku bar tazarar taƙi ɗaya, kamar santimita 20, tsakanin wannan da waccan. Ku rufe, ku ba da ruwa sosai sau ɗaya, ku kafa ɗan tsinke don kada fartanya ta sare tsiron. In ya karye, babu fure a wannan shekarar. Daga nan sai kun sa yatsa kun ji ƙasa ta fara bushewa za ku ƙara ruwa. A gindi za ku zuba, domin jiƙaƙƙen ganye na jawo cutar fumfuna. Ku shimfiɗa busasshen ganye a gindin, saboda lili na son rana a kansa, sanyi a saiwarsa.

Wanda ba shi da fili ya nemi tukunya mai huji a gindi, zurfinta santimita 30, ya dasa uku a ciki. Inda ba a hunturu mai ƙarfi kuwa, ana ajiye albasar a firji sati 6 zuwa 8 kafin dashe, nesa da 'ya'yan itace, domin yawancin irin sai sun sha sanyi suke fure.

Akwai wani jan ƙwaro mai cin ganyen lili. Da ya ji motsi sai ya saki jiki ya faɗo a rigingine, baƙin cikinsa ya saje da ƙasa. Ku tara hannu a ƙarƙashin ganyen kafin ku taɓa shi.

Masu kyanwa a gida, ina roƙonku ku saurara. Lili guba ne ga kyanwa. Ganye, fure, garin fure, har ruwan da aka tsoma furen a ciki, duk suna lalata mata ƙoda. In ta ci ko ta lasa, ku kai ta wurin likitan dabbobi nan take.

Bayan fure ya zube, ku cire kansa kawai, ku bar kara da ganye har su yi rawaya da kansu. Da ganyen ne albasar ke tara abincin baɗi. In za ku yanka don ado, kada ku ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na karan. Bayan shekara 3 ko 4 za ku ga sun cunkushe. Sai ku tone su da kaka, ku rarraba, ku sake dasawa.

Aikin gida: Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: saiwa, yashi, tsiro, kunya. Albasa mai tsayin santimita 6, ramin santimita nawa za ka haƙa mata? Ka gwada ramin ruwa a gidanka, ka zo mana da labarin abin da ka gani da safe.