Darasi na Tara: Kare Faifan Bidiyo Daga Masu Kwafa

Mai ƙaramin shagon ɗaukar bidiyo a Katsina, wanda yake ɗaukar walima da saukar Alƙur'ani da hawan sallah, yakan yini da kyamara a kafaɗa a Ƙofar Soro, ya kwana yana tace hoto a kwamfuta, sannan ya buga faifai hamsin ya jera a shago. Da ya sayar da goman farko sai ciniki ya tsaya cak, domin wani ya sayi guda ɗaya ya kwafa, ya baza shi a kasuwa a kan rabin kuɗi. Shi ya sa masu wannan sana'a suke yawan tambaya ko akwai kwaɗon da za a datse faifai da shi don kada ya kwafu.

Akwai kwaɗon, amma ya daɗe da lalacewa. A shekarar 1996 manyan kamfanonin fim da masu ƙera na'urori suka fito da wani tsari mai suna CSS, wanda yake cakuɗa hoton da ke cikin faifan DVD ta yadda sai na'urar kallo mai makulli ce za ta iya warware shi. Ba a yi shekara huɗu ba, a 1999, wani matashi ɗan ƙasar Norway mai suna Jon Johansen da abokan aikinsa suka fitar da manhajar da take buɗe shi, kuma tun daga lokacin kowa yana iya samun irinta kyauta a intanet. Bugu da ƙari, a masana'anta ake sa wannan kwaɗo lokacin da ake buga faifai da inji, bayan an biya kuɗin lasisi. Faifan da kake saya babu komai a ciki, wato DVD-R, kwamfutar shagonka ba za ta iya rubuta makullin a kansa ba, domin tun daga masana'anta aka toshe gurbinsa. Juya faifan ka duba cikinsa: na masana'anta fari ne kamar azurfa, wanda ake bugawa a shago kuwa yakan yi launin shunayya.

Za ka ji ana tallan wasu manhajoji da suke cewa suna hana kwafi. Yawancinsu ɓata wasu sassan faifan suke yi da gangan don kwamfutar mai kwafi ta rikice. Abin takaici shi ne tsohuwar na'urar kallo ta gidan mai saye ita ce take fara rikicewa, hoto ya riƙa maƙalewa, mutumin kirki ya dawo maka da faifai yana faɗa, shi kuwa ɓarawon fasaha ya bi ta wata hanya ya kwafe abinsa. A ganina kuɗin da za a kashe a kan irin wannan manhaja asara ce. Duk abin da ya fito a fuskar talabijin ana iya sake ɗaukarsa, kuma a yau ma ba faifai ake kwafa ba, a waya da memori ake turawa.

Saboda haka kariyar gaskiya tana cikin yadda kake tsara cinikinka. Kada ka dogara da sayar da faifai ɗai-ɗai wajen fitar da kuɗin wahalarka. Ka haɗa kuɗin ɗauka da na tacewa da na man janareta a cikin jingar, ka karɓi kafin alƙalami, sauran kuma a cika maka ranar miƙa aiki. Idan faifan na sayarwa ne ga jama'a, kamar na hawan sallah, to kasuwarsa ta kwanakin farko ce, don haka ka buga da yawa ka raba wa 'yan sari na Katsina da Daura da Funtuwa a rana ɗaya, a kan farashin da mai kwafi ba zai ga riba ba idan ya karya shi.

Sannan ka sa sunan shagonka da lambar wayarka a jikin hoton tun wajen tacewa, daga farko har ƙarshe, kuma ka ɗan matso da rubutun ciki, domin wanda aka manna a can gefe yankewa ake yi. Wannan ba ya hana kwafi, amma yana mayar da kowane kwafin sata ya zama talla. Wasu masu dabara sukan sa wa kason kowane ɗan sari wata 'yar alama ta daban, ɗigo a kusurwar dama ga wannan, a ta hagu ga wancan, ta yadda idan kwafin sata ya ɓulla za a san ta hannun wa ya fita. Asalin aikin kuwa ka adana shi da kanka, domin sau da yawa ɓarnar daga cikin shago take farawa, inda yaro zai tura wa abokinsa kafin maigida ya sayar da ko guda.

Doka ma tana bayanka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar aiki da ƙorafin satar fasaha. Sai dai dokar tana kare wasu daga gare ka: waƙar da ka ɗora a ƙarƙashin hoto tana da mai ita, bidiyon biki kuma yana ɗauke da matan gidan mutane, saboda haka ku rubuta a takarda, kai da mai biki, faifai nawa za a buga da wanda yake da izinin ƙarawa.

Aikin gida: mu ƙaddara ka kashe naira 60,000 wajen ɗauka da tacewa, kowane faifai da kwalinsa ya ci naira 300, kana sayar da shi naira 800. Lissafa faifai nawa za ka sayar kafin uwar kuɗinka ta dawo, sannan ka sake lissafin idan ka riga ka karɓi kafin alƙalami na naira 40,000.