Darasi na Bakwai: Ginin Jimla a Turanci

Duk wanda ya iya cewa "Ladi ta sayi gero" ya riga ya san ƙashin bayan jimlar Turanci. Mai aiki ne a gaba, aikin a tsakiya, abin da aikin ya faɗa wa a ƙarshe, wato aikau, aikatau da karɓau. Bature ma haka yake jerawa: "Ladi bought millet." Wannan ita ce sassauƙar jimla, magana guda cikakkiya.

Sai dai "ta" ɗin nan tamu ba ta bin mu zuwa Turanci. Kuskure ne a rubuta "Ladi she bought millet", domin sunan kaɗai ya isa. "Ne" da "ce" kuwa, madadinsu a tsakiya yake zama: "Audu tela ne" ya koma "Audu is a tailor."

Idan maganganu 2 ne, kowacce tana iya tsayawa da ƙafarta, sai a ɗaure su da "and", "but", "or" ko "so", a sa waƙafi kafin mahaɗin: "The rain fell, but the well is still dry." An yi ruwa, amma har yanzu rijiya a ƙafe take. Harɗaɗɗiyar jimla ke nan. Ku rufe rabi da yatsa ku karanta sauran, za ku ji magana ta cika.

Sarƙaƙƙiyar jimla ce ke son natsuwa. Wani ɓangarenta kamar goyo yake, ba ya tafiya sai a bayan uwarsa, kuma yakan fara da "because", "when", "if" ko "although". In kun rubuta wa malamin ɗanku "Because my son was sick" kuka ɗiga aya, kun bar shi yana jiran sauran zance. Ku ƙarasa: "Because my son was sick, he did not come to school." Idan goyon ne a gaba, waƙafi ya biyo shi.

A nan ne nake roƙonku ku buɗe ido sosai, don har waɗanda suka yi nisa a boko suna tuntuɓe a wurin. Mu mukan ce, "Ko da yake yana da kuɗi, amma bai biya ba," kuma Hausa ce mai kyau. Turanci ba ya haɗa "although" da "but" haka. Ɗaya za a ɗauka: "Although he had money, he did not pay," ko kuwa "He had money, but he did not pay."

Akwai kuma dabarar jeri: abin da ya zo ƙarshe shi ya fi zama a zuciyar mai karatu. Mai neman ɗan haya ya rubuta "The shop is small, but it is near the market." In ya juya, ya ƙare da ƙanƙantar shagon, ya karya kasuwarsa da hannunsa.

Aikin gida: ku rubuta wa shugaban makaranta jimloli 3 na neman izinin kwana 2 ga 'yarku. Ta farko ta zama sassauƙa, ta biyu ta fara da "because", roƙon kuma ya zo a ta ƙarshe. Ku zo da shi a zama na gaba, mu karanta tare.