Kurakuran da 'yan wasan besbol suka fi yi wajen rataye takalmi, da yadda ake gyara su

Kaɗan ne cikin 'yan wasan besbol ke samun irin bankwanan da Ichiro Suzuki ya samu a Tokyo a watan Maris na 2019, yana da shekara 45, dubban 'yan kallo a tsaye suna yi masa tafi. Mafi yawansu koci ne ke kiran su ofis ya shaida musu ƙungiya ta sallame su, ko kuma hunturu ya wuce ba wata ƙungiya da ta nemi wakilinsu. Barin fili yakan zo da gaggawa, mutum yana cikin ciwo ko ɓacin rai, kuma a wannan halin ne ake yanke shawarar da za a rayu da ita shekara arba'in ko hamsin.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗan wasa ya ba da sanarwar ritaya alhali kwantiraginsa bai ƙare ba. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, yawancin manyan kwantiragi tabbatattu ne: ko ka ji rauni, ko ƙungiya ta kore ka, sai ta biya ka har ƙarshe. Amma in kai ne da kanka ka ce ka yi ritaya, sauran kuɗin ya tafi. Gil Meche, mai jifa (wato mai jefa ƙwallo ga mai bugu) a ƙungiyar Kansas City Royals, ya bar dala miliyan 12 a watan Janairun 2011 saboda kafaɗarsa ta lalace kuma yana ganin bai dace ya karɓi albashin aikin da ba zai iya yi ba. Ina girmama wannan, domin ya san abin da yake bari. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda zai yi irin haka cikin fushi, bai karanta takardarsa ba.

Prince Fielder ya bi hanyar da ta fi dacewa. A 2016, bayan tiyata ta biyu a wuyansa, likitoci suka hana shi wasa. Ya fito gaban 'yan jarida ya ce ba zai sake bugawa ba, amma bai sa hannu a takardar ritaya ba, don haka aka ci gaba da biyan sa kuɗin kwantiraginsa na dala miliyan 214 da zai ƙare a 2020. Shi kuwa Stephen Strasburg na Washington Nationals, wanda ya sa hannu a kan dala miliyan 245 a ƙarshen 2019 kuma wasa 8 kaɗai ya yi jifa bayan nan saboda ciwon jijiya, an shirya masa taron bankwana a 2023 sai aka soke domin ba a daidaita a kan sauran kuɗin ba. Sai a watan Afrilun 2024 ritayarsa ta tabbata. Darasin a fili yake: rahoton likita ya fara zuwa, lauya da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa su duba shi, a rubuta yarjejeniya, sannan a kira 'yan jarida.

Bayan wannan sai rashin ƙirga kwanaki. Fanshon MLB da kwana ake auna shi. Tun daga 1980, kwana 43 a cikin jerin 'yan babbar ƙungiya, wato wadda ke buga MLB ba ƙananan gasanni ba, ya isa mutum ya shiga tsarin fansho, kwana 172 shi ne shekara ɗaya ta aiki, kowane kwana 43 kuma yana ƙara abin da za a biya, har a kai shekara 10 inda fansho ke cika, wanda ya haura dala 200,000 a shekara ga wanda ya jira ya kai shekara 62. Kwanakin jinya ma suna shiga lissafi muddin a babbar ƙungiya aka ji raunin. To sai ka ga ɗan wasa mai shekara 9 da 'yan watanni ya ƙi ƙaramin kwantiragi don yana ganin zaman benci raini ne a gare shi. Da ya haƙura kaka ɗaya, da ya cike gurbin. Da wuya na ga girman kan da ya kai wannan asara. Haka ma fara karɓar fansho tun daga shekara 45: doka ta yarda, sai dai abin da ake ba ka yana raguwa sosai har ƙarshen rayuwa, don haka wanda yake da abin da zai riƙe shi gara ya jinkirta.

Waɗanda suka yi wasa kafin 1980 sun san zafin wannan lissafi. A zamaninsu sai ka cika shekara 4, kuma ɗaruruwan da suka gaza kaiwa ba su samu komai ba, sai a 2011 aka fara ba su ɗan abin da bai wuce dala 10,000 a shekara ba.

Maganar kuɗi kuwa, abin da ke cinye su ba motoci da gidaje kaɗai ba ne, ko da yake Jack Clark ya bayyana karayar arziki a 1992 yana da motoci 18. Babbar matsalar ita ce zuba dukiya gaba ɗaya a harkar da mutum bai sani ba. Curt Schilling, wanda ya ci kofin zakarun MLB, wato World Series, sau uku, ya kafa kamfanin wasannin kwamfuta mai suna 38 Studios, ya zuba kusan dala miliyan 50 na aljihunsa, jihar Rhode Island ta tsaya masa a kan rancen dala miliyan 75, kamfanin kuma ya rushe a 2012. Ƙwarewa a fili tana sa mutum ya ɗauka ko'ina ya sa hannu zai yi nasara, waɗanda ke kewaye da shi kuma ba mai iya ce masa a'a. Tony Gwynn ya faɗa karayar arziki a 1987, shekarar da ya fi kowa iya bugu a gasarsa, saboda ya miƙa wa wakilinsa komai. Maganin wannan shi ne raba aiki: mai neman maka kwantiragi daban, mai juya kuɗin daban, mai binciken littafinsu daban, kuma kada ɗayansu ya zama shi ya kawo sauran.

Akwai kuma dabarar jinkirta biya, wadda ke kare mutum daga hannunsa. A 2000 ƙungiyar New York Mets ta sallami Bobby Bonilla da bashin dala miliyan 5.9 a kanta. Ya yarda a ɗage biyan da kuɗin ruwa kashi 8 cikin 100, shi ya sa kowace ranar 1 ga Yuli, daga 2011 zuwa 2035, ake tura masa kusan dala miliyan 1.2. Kuɗin da bai shigo hannu ba, abokin da ya zo da shawarar buɗe gidan abinci ba zai iya taɓa shi ba.

Game da lokacin tsayawa, mutane kan kawo Willie Mays, wanda ya yi wasa har 1973 yana da shekara 42 ƙafafunsa sun daina bin umarninsa. Ni ban cika ganin laifin wanda ya daɗe don son wasa ba. Wanda ya kamata a yi koyi da shi a nan shi ne Sandy Koufax, da ya tsaya a 1966 yana da shekara 30, bayan ya ci wasa 27 a kakar, domin amosanin gwiwar hannunsa na hagu na neman nakasa shi, shi kuma yana son ya ci gaba da amfani da hannunsa. Ɗan wasa ya nemi ra'ayin likitan da ba ƙungiya ke biyan sa ba, ya tambaye shi yadda wannan gaɓar za ta kasance nan da shekara ashirin.

Waɗanda aka fi mantawa su ne 'yan ƙananan gasanni, su ne kuma suka fi yawa. Da dama sun sa hannu suna da shekara 18, yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela kuma tun suna 16, sai a sallame su suna da 24 ba sana'a ba takardar makaranta. Wasu kwantiraginsu na farko yana ɗauke da alkawarin ƙungiya za ta biya kuɗin jami'a, amma alkawarin yana da wa'adi, yakan kuma wuce yayin da suke yawo a ƙananan gasanni masu zaman kansu suna jiran kira. Wanda aka sallama ya ɗauko takardar nan a makon farko ya duba ranar da wa'adin zai cika, ya yi rajista ko da kwas ɗaya ne.

Ga wanda abubuwa suka riga suka lalace masa, akwai gidauniyar Baseball Assistance Team da aka kafa a 1986. Tana biyan kuɗin asibiti da haya da na jinyar shaye-shaye ga tsofaffin 'yan wasa, har da na ƙananan gasanni da iyalansu, kuma ba ta bayyana sunan wanda ta taimaka. Kunya ce kan hana tsohon tauraro ɗaga waya har sai an fitar da shi daga gida, don haka matarsa ko tsohon abokin wasansa kada su jira shi, su tuntuɓi gidauniyar tun bashin haya yana wata ɗaya.